Indiyana: Filin da Ba a Karya Kwanar Dama

Da jirginmu ya fara sauka a Indianapolis sai na leƙa ta taga ina neman tudu ko da guda ɗaya, ban gani ba. Ƙasa ce a shimfiɗe kamar faifai, gonakin masara da na waken suya sun yi layi har iya ganin ido. Watan Yuli ne, damina a gida, su kuma suna tsakiyar zafinsu mai sa gumi. Na zo hutu ne wurin Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya haura shekara 20 a wannan birni na jihar Indiyana ta Amurka. Ɗansa na ƙarshe, wanda kowa a gidan ke kira Auta, shekararsa 13. Taubashina ne, don haka tun a filin jirgi muka fara: ni ina yi masa dariyar Hausarsa mai ɗingishi, shi yana tambayata ko na taɓa ganin matakalar da ke tafiya da kanta.

Kwana biyu da zuwana Kawu ya kai ni abin da garin ke taƙama da shi. A yammacin birnin akwai wani ƙaramin gari mai suna Speedway, kuma filin tseren motoci da ke cikinsa shi ya ba shi sunan. An gina filin a 1909. Shimfiɗar farko ta tsakuwa da kwalta ce, ta farfashe a tseren farko har aka rasa rayuka, sai aka rufe hanyar da jan bulo kimanin miliyan 3.2. Yau kwalta ta binne bulon, saura yadi ɗaya kacal da aka bari a layin kammala tsere. Zagaye ɗaya mil 2.5 ne, wato kilomita 4. Tun 1911 ake yin babban tseren mil 500 a nan, zagaye 200, kusan tafiya daga Kano zuwa Abuja da dawowa, kuma wanda ya yi nasara madara ake miƙa masa ya sha a gaban jama'a. Duk tsawon wannan tafiya direba ba ya karya kwanar dama ko sau ɗaya. Hagu, hagu, hagu, har a tashi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kwanonin filin. Ba a kwance suke ba. Gefen waje ya fi na ciki tudu, karkatar kamar digiri 9. Da ido ba wani abu ba ne. Amma a watan Yunin 2005 wannan 'yar karkata ta kunyata gasar Formula 1 a idon duniya. Su a baibai suke bin filin, kuma a kwana mai karkatar ne tayar baya ta hagu ta motar Ralf Schumacher ta fashe lokacin gwaji, ya daki bango. Kamfanin Michelin ya ce ba zai iya ba da tabbacin tayoyinsa za su jure wannan kwana har ƙarshen tsere ba, ga shi dokar shekarar ta hana canza taya ana cikin gudu. Motoci 14 cikin 20 suka koma rumfa kafin a fara, 6 masu tayar Bridgestone kaɗai suka yi tseren, 'yan kallo na ihun takaici. Ku riƙe wannan labari, don washegari na ga ƙaraminsa da idona, kuma da hannuna a ciki.

Auta yana tseren mota shi ma, sai dai tasa ba ta kai rabin mita ba. Mota ce mai batir da ake tuƙawa da rimot, kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske, nauyinta kilo ɗaya da 'yan kai. Da ya fito da ita daga akwati a garejin gidan na ce, "Ashe har yanzu ba ka daina wasan yara ba? Mu da gwangwanin madara muke yin irinta, mu yanko tsohon silifas mu yi mata taya." Bai yi dariya ba. Ya cire murfin robar da ke samanta ya nuna mini cikinta. Batirin da kusan duk abin da ke da nauyi an tura su gefen hagu, kamar jakin da aka ɗora wa mangala ɓari ɗaya. Da gangan ne, in ji shi, tunda motar ba za ta taɓa juyawa dama ba. Tayoyin kuwa, abin dariya, soso ne baƙi mai tauri, ba su da nisa da silifas ɗin da na ambata. Ba iska a ciki, balle mai faci ya samu abin yi.

A daren ya wanke tayoyin huɗu ya jera su a kan tebur, kowace da ɗigon fenti a jikin wilinta. Mahaifiyarsa ta ƙwala masa kira, yana fita ya ce, "Yaya, ɗaura mini na bayan. Mai farin ɗigo a dama." Na ɗaura, na ɗaure da kyau, har ina yabon kaina.

Filin da suke tseren yana bayan gari, tafiyar kusan rabin awa, a ƙarshen wata hanya tsakanin gonaki biyu na masara. Ƙungiyar masu sha'awar wasan ce ta gina shi. Ku ɗauka babbar tasa ce ta siminti mai siffar ƙwai, wadda ba ta kai rabin filin ƙwallo ba: miƙaƙƙun hanyoyi biyu, kwana biyu masu zurfi, sai katangar katako da ta kewaye bakin sama. Na gwada hawa kwanar da ƙafa, takalmina na zamewa, sai da na dafa. Karkatarta ta ninka ta babban filin da na gani jiya. A gefe ɗaya akwai dandamali mai tsayi inda direbobi ke tsayawa su hango motocinsu, a bayansa kuma rumfuna da tebura, janareto na ruri, ga ƙanshin naman da ake gasawa. Na zaci yara zan tarar. Yaran ba su fi biyar ba. Sauran magidanta ne da dattawa masu furfura, wasu da jikokinsu. Teburin da ke kusa da namu na wani dattijo ne Bature, tsohon bakanike mai faɗin hannu, wanda Auta ke gaisarwa da ladabin da ban taɓa ganin ya yi mini ba.

Tsarin tseren mai sauƙi ne. Minti 4 ake bayarwa, wanda ya fi yawan zagaye shi ne gaba. Kowace mota na ɗauke da wata 'yar na'ura da ke sanar da kwamfuta duk lokacin da ta tsallake layi, don haka babu gardama. Ana yin tseren share fage sau biyu, sannan a kasa direbobi rukuni-rukuni bisa sakamakonsu don tseren ƙarshe. Auta bai taɓa shiga rukunin farko ba, kuma ya shafe makonni yana cewa wannan Asabar ce ranarsa.

Aka busa, motoci takwas suka tashi da wata ƙara kamar ta tarin zuma. A miƙaƙƙiyar hanya motar Auta lafiya lau. Da ta shiga kwana sai ta ƙi bin ƙasa, ta dinga hawa sama-sama zuwa katanga kamar akuyar da ta hango ganye. Ya rage gudu, ya dawo da ita, kwana ta gaba ta sake. Ina hango shi a dandamali yana murɗa sitiyarin rimot har kafaɗarsa na karkacewa. A zagaye na shida ta goga katanga, ta wuntsila sau biyu, ta tsaya tayoyi a sama. Ɗaya daga cikin masu tsaron kwana ya ɗauko ta, tayar gaba na reto.

Dattijon bai tambayi komai ba. Ya karɓi motar, ya ɗauko wani ma'aunin ƙarfe mai muƙamuƙi biyu, ya cafki tayar baya ta dama, ya duba lamba, ya cafki ta hagu. Sai ya juya motar ya nuna wa Auta farin ɗigon. Yana hagu. Nan take na ga abin da na yi: daren jiya motar tana fuskantata ne, damata ita ce hagunta.

"Ni ne," na ce. "Ni na musanya."

Auta ya dube ni, ya buɗe baki, ya rufe. A al'ada taubashi ba ya fushi da taubashi, komai a wasa ake ƙare shi. Ranar na gane akwai abin da wasa ba ya ɗauka. Ya juya ya fara kwance noti, hannunsa na rawa.

Bambancin tayoyin biyu milimita ɗaya ne da ɗan kai, kaurin ƙumba ke nan. Na kasa yarda cewa wannan ne ya kifar da mota, sai dattijon ya ɗauki kofin takardar da ya sha shayi, ya kwantar da shi a kan tebur ya tura. Kofin bai tafi miƙe ba, ya yi kwana zuwa wajen gindinsa, ƙaramin ɓangaren. Ku gwada da bokiti a tsakar gida, haka zai yi. Tayar waje tana bin doguwar hanya fiye da ta ciki a kowace kwana, shi ya sa ake sa ta fi girma kaɗan, motar ta riƙa son hagu da kanta. Lissafin ma ba wuya. Faɗin motar kamar santimita 20 ne. Idan daga tsakiyar kwana zuwa inda take bi mita 10 ne, tayar dama na yin tafiyar da ta fi ta hagu da kashi 2 cikin 100. Tsayin tayar kamar milimita 56 ne, kashi 2 cikin 100 nasa kuwa milimita ɗaya da ɗigo ɗaya. Akwai wata 'yar na'ura a sandar baya da ke barin tayoyin biyu su ɗan saɓa gudu, amma ba ta shafe wannan bambanci. Ni kuwa na kifar da kofin, na sa bakinsa a hagu, motar ta dinga neman dama a filin da babu dama.

Ba girma kaɗai na musanya ba, har da tauri. Wannan ne ya fi ba ni mamaki: tayoyi huɗu a mota ɗaya, kowace da nata aikin, kuma sau da yawa kowace da irin sosonta. Ta gaba ta dama ita ce jakar gidan, duk nauyin kwana a kanta yake sauka, don haka ita ake ba soso mafi tauri. Ta baya ta dama na biye da ita. Na hagu ba sa shan wahala haka, sai a ba su mai laushi don su samu abin kamawa. Ɗigon fentin alama ce ta taurin soson, ko da yake kowane kamfani da yadda yake raba launukansa, shi ya sa dattijon bai yarda da launi ba sai ya danna ma'aunin tauri a jikin tayar. Ma'auni ne mai ɗan tsinke da ke nutsewa cikin roba, wanda Ba'amurke Albert Shore ya ƙirƙiro, har yau kuma lambobin da sunansa ake kiransu. Ƙaramar lamba laushi, babba tauri.

Me ya sa karkatar fili ke da ruwa da tsaki a zaɓen taya? 'Yan ajin kimiyya, ku ɗauko biro. Na ƙiyasta karkatar kwanar nan digiri 20, gudun motar kilomita 60 a awa, wato mita 16.7 a daƙiƙa. Ku ninka gudun da kansa ku raba da mita 10 ɗin ɗazu, za ku samu kusan 28, alhali jan ƙasa 9.8 ne. Ma'ana, ƙarfin da ake buƙata don riƙe motar a kwana ya kusa ninka nauyinta sau uku. A shimfiɗaɗɗen fili taya ce kaɗai za ta ɗauki wannan duka, kuma ba za ta iya ba, motar za ta zame waje. A fili mai karkata kuwa wani kaso na ƙarfin yana komawa danna motar cikin siminti. Idan kuka ƙarasa lissafin za ku ga nauyin da ke kan tayoyin ya kusa ninkawa biyu. To ga amfanin, ga kuma illar: dannawar ce ke ba taya kamu har motar ta sha kwana ba tare da rage gudu ba, ita ce kuma ke murƙushe soso, ta zafafa shi, ta cinye shi. Taya mai laushin da za ta yi kyau a shimfiɗaɗɗen fili, a nan lotsewa take yi ta riƙe motar kamar mai gudu a cikin yashi. Abin da ya sami manyan motoci a 2005 ke nan, tayar waje a kwana mai karkata.

Shi ya sa ma masu manyan injina a filin ba sa amfani da soso tsirara. Tasu tayar soso ce da aka lulluɓe da siririyar fatar roba, mai santsi kamar bayan kwalba, wadda ke jure zafi kuma ba ta jan mota baya. Irinta ake ɗaurawa idan aka ari filin tseren keke mai zurfin karkata. Indianapolis na da irin wannan fili na keke, wanda aka buɗe a 1982 da sunan Major Taylor, baƙar fata ɗan garin da ya zama zakaran duniya a tseren keke a 1899. Karkatar kwanarsa digiri 28 ce. Ajin su Auta dai soso doka ta yarda da shi.

Hannun tayar gaban da ya karye ba matsala, dattijon ya zaro wani daga akwatinsa ya ba shi kyauta. Matsalar ita ce taya mai laushin da na kai dama: siminti ya ɓalle mata yanki kamar an gatsa. Dole a sayi sababbin na baya. Akwai mai sayar da kaya a wata rumfa, kuma kuɗin da ke aljihun Auta, wanda ya tara daga yankan ciyawar maƙwabta, na biyu kawai zai saya. Na zaro walat, Kawu ya riƙe mini hannu. "Bar shi, ɗana. Motarsa ce." Na ji haushin Kawu a lokacin, har yanzu ma ban gama yanke hukunci a kan ko ya kyauta ba.

Zaɓi biyu ne a gabansa don tayar dama: irin wadda ya saba da ita, ko wadda ta fi ta tauri da mataki ɗaya. Ya tambayi dattijon. Maimakon amsa, sai ya ja shi zuwa bakin filin, ni ma na bi. Ya ce ya ɗora tafin hannunsa a simintin. Da safe da muka iso sanyi gare shi. Yanzu rana ta take, Auta bai iya ƙirga biyar ba ya janye hannu. Sannan ya nuna masa wani baƙin layi da ya fito a ƙasan kwanar, wanda babu shi da safe. Garin tayoyin motocin da suka wuce ne ya manne a wurin, kuma kowane tsere na ƙara masa kamu. Wato filin da aka yi tseren farko a kansa ba shi ne za a yi na biyu a kansa ba, ko da yake bai motsa daga inda yake ba. Mai laushi za ta ba ka minti na farko, in ji shi, amma tseren minti 4 ne. Daga nan ya koma teburinsa ya bar yaron.

Auta ya daɗe a tsaye a gaban rumfar. Abokan tserensa biyu sun sayi mai laushi a gabansa. Shi ya ɗauki mai taurin.

Sabuwar taya ba a ɗaura ta haka nan. Akwai ɗan injin da ke juya ta, wuƙa na fere ta a hankali, baƙin gari na tashi yana shiga hanci. Ya fere, ya auna, ya sake ferewa, har ta dama ta fi ta hagu da milimita ɗaya. Da yake sababbin sun fi tsofaffin girma, kowane juyi zai kai motar nesa kaɗan, don haka sai da ya canza ƙaramar giyar injin ya rage haƙori ɗaya, kada injin ya yi zafi. Ya shafa wa tayoyin wani ruwa mai wari da ke tausasa fatar soso, ya bar shi ya jiƙa, ya goge. Duk wannan ina zaune a kan akwati, hannuwana a tsakanin gwiwoyi. Da ya zo ɗaurawa ya juya motar ta ba shi baya tukuna, bai ko kalle ni ba.

A tsere na biyu minti na farko bai yi daɗin kallo ba. Bayan motar na ɗan wutsil-wutsil a fitar kwana, abin da su ke kira sakakkiyar mota, kishiyar matsattsiyar da na haɗa masa da safe. Yana na shida. Kawu ya daina magana. Wajen tsakiyar tseren sai tayar ta ɗumama ta kama, motar ta kwanta a kan baƙin layin kamar an ɗaure ta da zare. Su kuma masu laushin suka fara hawa sama a kwana, taku ɗaya, taku biyu, suna buɗe masa ƙofa ta ƙasa. Ya wuce ɗaya. Ya wuce na biyu. Na samu kaina ina ihu da Hausa a tsakiyar gonar masarar Indiyana, wata tsohuwa na kallona tana dariya. Ya gama na uku.

Bai isa ba. Da aka fitar da jeri, zagaye ɗaya ya raba shi da rukunin farko. Ya shiga na biyu, ya zo na biyu a can, aka ba shi wani ɗan allo mai rubutu wanda ya jefa cikin akwati ko dubawa bai yi ba.

Dokar filin ita ce duk wanda ya gama tsere zai sauko ya tsaya a kwana yana tayar da motocin da suka kife a tsere na gaba, ko ya kawo wanda zai tsaya masa. Auta ya miƙo mini rigar tsaron mai ruwan lemo. "Yaya, kwana ta biyu. Idan ka ɗauki mota, ka ajiye ta tana kallon inda sauran ke tafiya." Ya ɗan yi shiru. "Ka san inda suke tafiya, ko in sa maka ɗigo?"

Na tsaya a can ƙasan tasar, zafin siminti na ratsa takalmina, motoci na wucewa ta saman kaina a karkace. Sau uku na ruga na tayar da mota, sau ɗaya na zame na zauna daɓas, aka yi mini tafi. A hanyar gida Auta ya yi barci a kujerar baya, akwatin motar a kan cinyarsa. Tayar da ta ɓalle kuwa sai da na dawo gida ina kwance kaya na tsince ta a cikin takalmina na sallah, an zana mata kibiya da farin fenti, an rubuta "hago" a ƙasa. Ban gyara masa rubutun ba.